Neman shawara: wane keke ya dace da hanyar Dutsinma?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena ya samu gurbi a UMYU, jami'ar Umaru Musa Ƴar'adua da ke hanyar Dutsinma, kuɗin kurkura kullum ya fi ƙarfina. Ina so in saya mashi keke. Sabo ko na hannu? Mai giya ko marar giya?

Abban Hanifa: Wa alaikumussalam. Marar giya, Phoenix ko Hero. Katsina ba tudu gare ta ba, giyar ta mi?

Malamin Batagarawa: Phoenix na da nauyi, amma kowane mai gyara ya san shi, kayanshi kuma ba su wuya.

Yayan Sadiƙ: Ku bar ni in ba ku labarina kafin ku yanke. Bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 na ajiye mashin na sayi na hannu mai giya, irin wanda ake cewa ɗan Beljiyam. Mai shagon ya rantse mani ba abin da ya taɓa shi. Sati biyu sarƙa ta fara zamewa, in na taka feda sai ta yi ƙarar banza. Masu gyara uku na zagaya, kowa ya ce ba shi da irin haƙoran. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na haƙura shi ne hanyar kanta. Gefen kwalta rairayi ne ya taru, in damina ta wuce har ya kan ci rabin hannun da za ka bi. Wata ranar Talata da yamma tifa ta matso ni, na kauce, tayar gaba ta nutse cikin rairayin, sai ga ni ƙasa, gwiwa a ɗaye, littattafai a warwatse. Direban ko waiwaye bai yi ba. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ce ta wanke mani ciwon da ruwan butarta. Hanyar da jami'a biyu da poli da kwalejin ilimi ta FCE ke kanta, dubban ɗalibai safe da yamma, a ce ba layin da aka ware wa mai keke? Ko share rairayin nan aka riƙa yi, an rage rabin haɗarin.

Maman Khalil: Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa.

Ɗan Ƙofar Marusa: Amin. Yaya, ka sa gabana ya faɗi.

Yayan Sadiƙ: Ba hana ka nake ba. Ka sa mashi fitila gaba da baya, da ƙararrawa, ya riƙa dawowa kafin magariba.

Bakano a Katsina: Wai mene ne kurkura? Ku ce adaidaita sahu mana, kamar kowa.

Abban Hanifa: Ka zo garinmu kana cin tuwonmu, kuma za ka gyara mana baki?

Bakano a Katsina: Na tuba, ranka ya daɗe.

Malamin Batagarawa: Ni abin da nake ta tunani, mi zai hana a yi keken haya cikin makarantun? Ka ɗauka a bakin get, ka ajiye gaban ɗakin karatu, wani ya ɗauka. Paris ta fara nata mai suna Vélib' tun 2007.

Abban Hanifa: Malam, ai mun riga su. Wa bai yi hayar keke yana yaro ba? Mai haya na zaune da agogo da littafi, ka ƙara minti biyar ya riƙe takalminka.

Malamin Batagarawa: To shi nake nufi. Katin makaranta ya zama jingina maimakon takalmi, a sa mai faci guda a kowace rumfa da famfonshi. Ba sai an jira manhaja ba.

Maman Khalil: Mu mata fa? An yi lissafi da mu?

Malamin Batagarawa: Akwai marar sandar tsakiya, Hajiya, mai murfin sarƙa, ba ya cin zane ko hijabi.

Maman Khalil: Keken ba shi ne matsalar ba, bakin mutane ne. Cikin makaranta dai ƴata za ta hau, a titi kuwa babanta ba zai yarda ba.

Mai Faci: Duk wanda za ka saya, canza tayoyin ranar farko, waɗanda ke zuwa da shi ƙaya ɗaya ke fasa su. Kwaɗo kuma na kirki, a ɗaure jikin keken da ƙarfe, kada a kulle taya kawai. Kawo shi in ɗaure mashi wayoyin ƙafa kafin yaron ya hau.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode. To Phoenix ko Hero?

Bakano a Katsina: Ni dai a Kano zan sayo maka, ya fi sauƙi.

Abban Hanifa: Ka fara kuma.