Musayar Waƙa a Kan Mai Dakon Duwala

Kawu daga Garwa: Assalamu alaikum. A daren jiya na sake kallon Pousse-Pousse, fim ɗin barkwanci na Kamaru da Daniel Kamwa ya shirya a 1975, wanda shi da kansa ya fito a matsayin saurayin, kuma ya dame ni ƙwarai cewa yaranmu ba su taɓa jin sunansa ba. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon da na ɗauka.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Ku matso ku ji abin da ya ba ni dariya.

Wani mai dako ne a birnin Duwala,
Guminsa ne jarinsa, bai gaji dukiya.

Ya nemi yarinya, ita ma ta amince,
Sai ubanta ya mai da auren hanyar cin moriya.

In ya kawo wannan, a ce saura wancan,
Kamar mai ɗiban ruwa da kwando a rijiya.

Kana kallo kana riƙe ciki don dariya,
Amma can cikin ranka kana ganin gaskiya.

Ɗan Marwa: Kawu, Allah ya ƙara girma, ina da ja kaɗan.

Na ji batunka, Kawu, da girmamawa,
Amma al'adar kudu ce, tamu daban take tun jiya.

Sadaki a wurinmu haƙƙin amarya ne,
Rubu'in dinari ya wadatar, in ji Malikiyya.

Ga shi da Faransanci aka yi maganarsa,
Tsohuwata ba za ta tsinci kalma ba ko ɗaya.

Goggo daga Ngaundere:

Ɗana, sadaki kam ba shi ne ciwon ba,
Lefe ne ya hana samari barci har safiya.

Akwati kan akwati, atamfa da leshi,
A baje gaban dangi ana ƙirga su ɗaya-ɗaya.

In turmi ya gaza, a tura saƙo gidan ango,
A ce sun raina mu, sun zo mana da tsiya.

Mu ma iyayen mace ba mu kuɓuta ba,
Gado da kujeru da gara sun ci mini saniya.

Na sai da ita ne don tsoron bakin mutane,
Kada a ce 'yata ta tare ba kwalliya.

Tsohon nan na fim kullum ina gamuwa da shi,
Da hula da babbar riga, ya san Hausa da Fulatanci, bai san kunya.

Ƙane daga Kuseri: Goggo, kin gama magana a kan wannan. Ni zan taɓo dalilin da ya sa fim ɗin ya ɓace mana. A farkon 2009 aka rufe gidajen silima uku da suka rage a Kamaru, wato Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, yayin da maƙwabtanmu na Njamena suka sake buɗe gidan silima na Normandie a 2011.

Da aka kulle silima, tsofaffin finafinai suka kwanta,
Wanda bai shiga waya ba, yau an bar shi a baya.

Masu fassara a Kano sun sa Indiyawa jin Hausa,
Me zai hana ɗan Duwala ya bi wannan hanya?

A nemi izinin mai shi, a biya shi haƙƙinsa,
A sa masa Hausa da Fulatanci, ya zaga birni da karkara gaba ɗaya.

Ɗan Marwa:

Na janye ja, Goggo, kin taɓa inda ke mini ciwo,
Shekara biyu ke nan ina tarin lefe, ban kai ga biki ba, sai juriya.

Kawu daga Garwa:

Ɗana, in ka zo Garwa ka sauka a gidana,
Mu kalle shi da tsohuwarka, ni zan fassara mata baki da baki bayan Azahariyya.