Wai me za mu kira wannan ɗan mazubin da Hausa?

Salam jama'a. Fassara nake yi na maƙale a kalma ɗaya tun jiya, wato "presentation box". Ɗan ƙaramin mazubi ne da maƙeran zinariya ke ƙerawa, wani bai ma cika tafin hannu ba, a yi masa ado da duwatsu masu tsada sai sarki ko hukumar gari su ba mutum don a karrama shi. Misali kamfanin Fabergé na Rasha ya ƙera wa Sarki Nicholas na 2 irinsu da yawa, a saman murfin a sa hotonsa ko harafin sunansa da daimon, shi kuma yana ba jakadu da manyan fadawansa har zuwa juyin juya halin 1917. Haka a 1784 birnin New York a Amurka ya yanke shawarar ba George Washington na zinariya tare da takardar girmamawa. Ni dai "akwatin kyauta" na fara rubutawa amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Tudun Wada: Ai akwatin kyautar ya yi malam, kowa zai gane, meye na wahalar da kai.

Hajiya daga Kwarbai: A'a ɗana, in ka ce akwati a garin nan lefe za a tuna ko akwatin zaɓe, kuma akwati ai abin da ke ciki ake dubawa ba shi ba. Wannan kuwa yadda ya faɗa, mazubin shi ne kyautar.

Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi, abin da na kasa faɗa kenan.

Ɗalibi a Samaru: Sanduƙi fa? Yana da nauyi a baki, ya dace da abin sarauta.

Na yi tunaninsa ƙanena, sai dai sanduƙi babba ne a kunnena, irin wanda ake ajiye littattafai ko kuɗi, kuma yaran yanzu nawa ne suka san shi. Gafaka ta Alƙur'ani ce ba zan taɓa ta ba, tandu kuma na kwalli ne da mai.

Baba daga Babban Dodo: Kun manta batta ne? Ku yaran nan.

Allah ya ƙara girma Baba! Ina karantawa sai kakana ya faɗo min a rai, yana da wata 'yar batta ta garin taba da ta sha hannu har ta yi baƙi tana sheƙi, kafin ya buɗe sai ya ƙwanƙwasa murfin da ɗan yatsa sau biyu don tabar ta zauna, ba ya bari ko jikansa ya riƙe masa. To abin mamaki yawancin waɗancan na Turawan ma asalinsu mazubin tabar shaƙa ne, Sarki Frederick na Prussia, wata tsohuwar masarauta a Jamus, har tara su yake yi saboda so. Kenan ba aro muka yi ba, abu ɗaya ne, tasu dai ta zinariya ce.

Ɗan Tudun Wada: To amma in ka ce batta kawai ai za a ɗauka ta taba ce.

Gaskiyarka, dole a jingina mata wata kalma. "Battar ado" ta yi kama da ta 'yan kunne da sarƙar mata. "Battar tunawa" ba ta da daɗin faɗa. Ni "battar karramawa" ta fi kwanta min tunda dalilin bayar da ita kenan, jam'i kuma battocin karramawa.

Hajiya daga Kwarbai: Sa ta a magana mu ji.

"Sarkin Rasha ya ba jakadan battar karramawa ta zinariya mai ɗauke da hotonsa." Na karanta wa mahaifiyata yanzu ban yi mata bayanin komai ba, ta ce oh 'yar batta aka ba shi ta girmamawa, ta zinariya kuwa? Ita zan sa a fassarar, Baba na gode Allah ya saka da alheri.