Golf ne ya kama kafaɗar Alhaji, ko shekaru?

Daga zauren WhatsApp na wasu tsofaffin 'yan aji ɗaya a Kano.

Alhajin Nassarawa: Salamu alaikum. Sati uku ke nan ban taka filin golf ba. Kafaɗar hagu ta riƙe, babbar riga ma sai yaro ya taya ni sawa. Da dare in na juya a kanta, barci ya ƙare ke nan.

Ɗan Kwari: Allah ya sawwaƙe, Yallaɓai. Amma kada a ɗora wa golf laifi. Ƙwallon nan ko giram 46 ba ta kai ba, jaka yaro ke ɗaukar maka, kai kana tafe kana hira. Yaranmu a Kantin Kwari dila suke saukewa daga safe har magariba, ba mai kukan kafaɗa. Tsufa ne ya yi sallama.

Injiniya: Haba Ɗan Kwari, wa ke maganar nauyin ƙwallo? Gudun sanda za ka duba. A hannun ƙwararru, kan sandar yana wuce kilomita 160 a awa. Rami 18 kuma a wasa ɗaya, ga bugun gwaji kafin a fara. Dubi shahararren ɗan golf Tiger Woods, sau nawa aka yi masa tiyata?

Ɗan Kwari: Baya da gwiwa ne nasa, Injiniya. A 2017 aka haɗe masa ƙashin baya, a 2019 ya ci babbar gasar golf ta Masters. Ina kafaɗa a nan? Kuma ku ba ni amsa: Alhaji ba bahago ba ne. In golf ne, me ya kai ciwon hagu?

Hajiya Fisiyo: Yaya, wannan tambayar taka ita ta kayar da kai. Mai bugu da dama, kafaɗarsa ta hagu ce ke fuskantar inda ƙwallo za ta, kuma ita ta fi jin jiki. In ya ɗaga sanda baya, hannun hagu yana gitta ƙirji har ƙarshe, mahaɗar ƙashin wuya da allon kafaɗa ta matse, bayan kafaɗa ya miƙe. Akwai tsoka huɗu da jijiyoyinsu da ke riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa. Gurbin ba shi da zurfi irin na ƙugu, shi ya sa hannu ke juyawa ko'ina, shi ya sa kuma yake saurin samun matsala. Inda na ba ka gaskiya: ciwon baya ya fi yawa a 'yan golf, kuma waɗannan jijiyoyi suna laushi da shekaru. Akwai dattawa da yawa da tasu ta ɗan yage ba su sani ba, sai an yi hoto.

Ɗan Kwari: To ai maganata ke nan!

Hajiya Fisiyo: Rabinta. Igiyar guga ce ta tsufa, amma jan ruwa ne ya tsinka ta.

Injiniya: Ga ƙasar rani kamar dutse. Sanda ta kuskure ƙwallo ta daki ƙasa, har wuya kake jin girgizar. Mu kuma daga mota sai bugu, ko miƙa ba ma yi.

Kawu: Ku dai bar dogon Turanci. A kai shi wajen mai ɗori ya ja hannun, a shafa man zafi.

Hajiya Fisiyo: Kawu, don Allah a'a. Ba karaya ba ce, ba gocewa ba ce, in jijiya ta yage ja ƙara ta zai yi. Ya je Asibitin Ƙashi na Dala a duba, in da bukata a tura shi gashi. Ya daina sayen maganin zogi a kemis yana sha kullum, yana taɓa ciki da ƙoda. Yaya Alhaji, kana da suga? Masu suga kafaɗarsu ta fi saurin sandarewa. Kuma in ciwon hagun ya zo da nauyin ƙirji, gumi ko haki, wannan ba a kwana da shi, zuciya ake fara dubawa.

Alhajin Nassarawa: Suga akwai, ƙirji lafiya lau. Litinin zan je Dala in sha Allah. Amma ƙanwata, ɗan gungura ƙwallo kusa da rami fa? Ba ɗaga hannu a ciki.

Hajiya Fisiyo: Bayan Litinin ka sake tambaya ta.

Ɗan Kwari: Kafin nan aiko direba da sandunan 14 shago in ajiye maka, na san halinka.