Surukata ba ta karyawa sai ta karɓi Jibi, ga ta da ciwon suga. Yaya zan yi?

Matar Auta:

Ɗaukaka ga Yesu, 'yan'uwa. Wata damuwa ce ta hana ni sukuni, na kuma rasa wanda zan tambaya a unguwa ba tare da maganar ta koma kunnen maigidana a karkace ba.

Surukata, wadda duk muke kira Mama, ta dawo wurinmu nan Kaduna da zama tun bara bayan girbi. 'Yar ƙasar Shendam ce, ta haura tamanin, Katolika ce irin ta dā. Carbinta baƙi ne, 'ya'yansa sun yi sulɓi don ja, sarƙar ta tsinke wuri biyu ta ɗaure da zaren ɗinki, amma ka ce za ka saya mata sabo sai ta ɓata rai. Ƙarfe shida na safe, sha biyu na rana, da shida na yamma tana addu'ar Mala'ika, ko tana tsakiyar tsintar shinkafa sai ta ajiye tiren. Ranar Juma'a ba ta cin nama, ko romonsa. Duk wannan ba ni da ja, ita ce ma ta sa yarana suka iya "A gaishe ki Maryamu" da Hausa, abin da ni na yi shekaru na kasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne daren Asabar. Da sha biyu ta buga, Mama ba ta ƙara sa komai a baki, ko ruwa, ko magani, sai ta karɓi Jibi Mai Tsarki, wato tsarkakakkiyar gurasar da ake karɓa a Mas, babbar sujadarmu ta Katolika. Ga ta da ciwon suga. Lahadin da ta wuce aka yi bikin godiya a cocinmu, Mas na ƙarfe tara, aka yi ta fita da baiko ƙungiya-ƙungiya ana rawa. Wajen sha ɗaya da rabi muna durƙushe sai kawai na ga ta sulale ta jingina da benci, zufa ta jiƙa mata riga sharkaf. Matan Zumunta suka ɗauke ta zuwa gindin darbejiya suna mata fifita. Wata ta sayo lemo. Da ta buɗe ido, kun san abin da ta fara tambaya? "An riga an ba da Jibi?" Ta ture kwalbar da hannu.

Da muka koma gida na lallaɓa na ce, Mama, ai azumin awa ɗaya kafin Jibi aka koya mana a katikisim. Ta dube ni ta ce, "Ke yarinya ce. Sarki zai shiga ɗakinki, sai ki bar tuwo ya riga shi shiga?" Maigidana kuwa auta ne, ba ya iya musa mata, cewa ya yi in ƙyale ta, haka suka taso suka gan ta. To ni ce da jinya in ta faɗi. Don Allah mene ne ainihin dokar Ikilisiya? Kuma ta yaya suruka za ta gyara wa uwar miji ibada ba a ce ta yi rashin kunya ba?

Tsohon Katikis:

Girma ga Maryamu. 'Yata, sannu da ɗawainiya. Da farko ki sani Mama ba ƙirƙira ta yi ba. Abin da take yi shi ne dokar Ikilisiya na ɗaruruwan shekaru: daga tsakar dare ba ci ba sha, ko ɗigon ruwa, shi ya sa Mas na dā ake yin sa da sassafe. Limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta Afirka, wato Fadan SMA, da suka iso Shendam a 1907 da wannan doka suka zo, ita suka koya wa katikis na farko, su kuma suka koya wa su Mama.

Sauyin a hankali ya zo. A 1953 Paparoma Pius na 12 ya ce ruwa ba ya karya wannan azumi. A 1957 ya mai da shi awa uku ga abinci. A 1964 Paparoma Paul na 6 ya rage zuwa awa ɗaya. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983, doka ta 919, a kan haka ya tsaya: awa ɗaya kafin karɓar Jibi, ban da ruwa da magani, waɗannan ko yaushe a sha. Ki lura, kafin karɓar Jibi aka ce, ba kafin fara Mas ba. A cocinmu na nan da wa'azi kaɗai ke cin minti arba'in, wanda ya sha kunu a gida ya taka zuwa coci ai ya cika awarsa har da gyara.

Sakin layi na uku na dokar nan kuma kamar don Mama aka rubuta shi: tsofaffi da marasa lafiya, har da masu jinyarsu, za su iya karɓa ko da sun ci wani abu cikin awar. Haka azumin Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, wanda ya shiga shekara ta sittin an sauke masa.

Amma kada ki je mata da lambobin nan. Na yi shekaru ina wannan aiki a ƙauye, ban taɓa ganin tsohuwar da ta bar abin da Fada ya koya mata tana yarinya saboda surukarta ta karanto mata doka ba. Bakin da ya ɗaura, shi ke kwancewa. Ki sami Fadanku a keɓe bayan Mas na safiyar wata rana, ki gaya masa komai, har maganar ture lemon.

Nas mai aikin dare:

'Yar'uwa, ni ta fannin jiki zan yi magana. Zufa mai sanyi, rawar hannu, jiri, sannan sulalewa, wannan sugan ne ya faɗi ƙasa. Akwai ƙwayoyin ciwon suga da ke ci gaba da sauke shi ko mutum ya ci ko bai ci ba, kuma aikinsu na daɗewa a jikin tsoho. In ta sha da dare, ta ɗan taɓa tuwo, ta kwana, ta wuni har kusan azahar ba komai a ciki, ga zafi ga rashin ruwa, to abin da kika gani kaɗan ne. Yana kai mutum ga doguwar suma.

Ki ɗauki kwalin maganin ki kai wa likitanta, ki faɗa masa yadda take yi ran Lahadi, domin na tabbata ita ba za ta faɗa ba. Ki riƙa sa sukari mai ƙwaya ko dabino a jakarki. In ta fara zufa tana cikin hayyacinta, a ba ta nan take. In ta sume kuma kada a ɗura mata komai a baki, za ta shaƙe, a kwantar da ita a gefe a nufi asibiti.

Ɗan Lijiyan (ƙungiyar addu'a ta Rundunar Maryamu):

Ban ƙi maganar Baba Katikis ba, amma a yi wa Mama adalci. Awa ɗaya shi ne mafi ƙaranci, ba a ce haramun ne a ƙara ba. Ni ina riƙe awa uku, kuma na san bambancin da nake ji in na isa gaban bagade da 'yar yunwa a cikina. Mu 'yan yanzu fa? Ka ga saurayi yana taunar cingam a layin Jibi, uwa tana ɓare wa ƙaton yaro biskit lokacin tsarkakewa. Maganar da tsohuwar nan ta yi ta Sarki da tuwo ta fi wa'azi da yawa da na ji bana. In aka raba ta da azumin nan aka bar ta hannu wofi, za ta ji kamar an ce mata shekara saba'in ɗin da ta yi banza ne.

Tsohon Katikis:

Ɗana, kai ƙarfinka ɗaya, ka riƙe awa ukunka, Allah ya karɓa. Ita kuwa azumin ya hana ta abin da take azumin dominsa: ran nan a gindin darbejiya ta ƙare, ba ta karɓa ba. Amma ka yi gaskiya a batun hannu wofi. A ba ta wani abin ta riƙe.

Matar Auta:

Na gode muku duka, ga yadda aka ƙare. Na bi shawarar Baba. Gabana na faɗuwa na sami Fada ran Talata, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce kada in ce mata komai. Ran Alhamis da yamma sai ga shi a babur wai ya zo gaishe da tsofaffi. Mama ta rikice, ta sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta canza ɗankwali. Suka yi ta hirar Shendam, ta ba shi labarin ranar da ta fara karɓar Jibi, yadda suka taka da asuba daga ƙauyensu ba takalmi, Fadan ya juya musu baya yana Latin, su kuma suna jan carbi. Sai da ta gama ya ce mata, wanda ya koya mata tsakar dare biyayya ya koya mata, yanzu kuma shi ma biyayya yake nema: kunu da magani kowace Lahadi kafin ta fita, a madadin azumin kuma ta ja carbi guda domin yaran da ke shirin karɓar Jibi na farko.

Ta yi shiru mai tsawo. Sannan ta ce, "To, Fada, amma ba da ƙosai ba."

Likita ma ya sauya mata ƙwayar dare. Jiya Lahadi ƙarfe shida na dama mata kunun tsamiya, ta sha rabin kofi tana ƙunƙuni, ta kuskure baki sau uku, ta tambaye ni ƙarfe nawa har sau biyu a hanya. Ta karɓi Jibi da ƙafarta. Har yanzu dai ba ta san ni na kai ƙara ba, tana zargin wata ƙawarta ta Zumunta, ta ce in sun haɗu ran Laraba za ta ji da ita. Dabinon na nan cikin jakata.