Muhawara: Kai Ƙarar Masu Gurɓata Ruwa Kotu Ɓata Lokaci Ne?

Malamin makaranta, Anka: Jama'a, ina nan kan bakana cewa wanda masana'anta ko masu haƙar ma'adinai suka ɓata wa ruwan sha, zuwa kotu ba zai tsinana masa komai ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ta gurɓata ƙasa da kududdufan da ake wanke garin dutsen zinariya, kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka kawo ɗauki, ba alƙalai ba. Aikin share dalmar daga ƙauyen Bagega na Anka ma sai a 2013 aka fara shi, bayan an yi ta matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin.

Lauya, Gusau: Malam, ka yi haƙuri, wa za a kai ƙara a Bagega, alhali cikin gidajen 'yan uwanmu aka riƙa niƙa dutsen? Inda akwai kamfani mai suna da adireshi, shari'a tana aiki. Manoma huɗu daga Neja Delta sun kai kamfanin mai na Shell ƙara a 2008 kan malalar mai, kuma a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Hague na ƙasar Netherlands ta ɗora wa reshensa na Najeriya alhakin biyan diyya.

Ma'aikaciyar lafiya, Bukkuyum: Barista, ai ƙarfi ka ƙara wa maganar Malam. Shekara 13 aka ɗauka, a ƙasar waje aka yi shari'ar, kuma biyu daga cikin manoman sun rasu kafin hukunci. Dalmar da ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta jiran ranar da aka ɗage zama, kuma diyya ba ta gyara wannan lahani.

Lauya, Gusau: Hajiya, jinkirin abin takaici ne. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da muhalli, sai dai yana cikin Babi na Biyu, wanda kotu ba ta tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Amma a 2018 Kotun Ƙoli ta amince ƙungiya ta shigar da ƙarar gurɓata ruwa a madadin al'umma. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne rashin sakamakon gwajin ruwa a rubuce.

Dattijo, Anka: Ɗana Barista, manomin da ke neman kuɗin taki, wa zai biya masa gwajin, da kuɗin motar zuwa Gusau duk ranar da aka ɗage shari'a? Ka amsa mini wannan kafin mu ci gaba.