“Gani ya kori ji”: har da ganin da ake yi a waya?

Ɗan Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta tashi a zauren gidanmu jiya bayan isha'i, har na kwanta tana cina. Ƙanena ya shigo da waya a hannu yana haki, wai an turo mashi bidiyo a WhatsApp, an ƙona wani ƙauye ta wajen yamma, ga hayaƙi ga mata na gudu da goyo. Baba na kishingiɗe da 'yar rediyonshi a kan ƙirji, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Ban ji ba a labarun yamma.” Yaro ya miƙa mashi wayar ya ce, “Baba ai gani ya kori ji.” Baba ya ce ya ɗauke mashi abin nan daga fuska, ba don irin wannan ganin aka yi karin maganar ba. Yau da hantsi aka gano bidiyon tsoho ne, ba ma a jihar nan aka ɗauke shi ba. Amma ko da ya zama gaskiya, tambayata tana nan: wanda ya kalli abu a waya, gani ya yi ko ji?

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam. Ka gaishe da tsohon, ka ce mashi ina bayanshi. Mu yadda muka tashi muka ji ana faɗar maganar nan, sai ka daɗe kana jin labarin abu, ran nan ƙafarka ta kai ka gabanshi. Baƙo ya zo hawan Sallah, ya tsaya a Ƙofar Soro ya ga dawakai sun sako jahi ƙura ta turnuƙe, sai ya riƙe baki ya ce gani ya kori ji. Wani lokaci kuma akasin haka ne, an zuzuta maka abu ka je ka tarar bai kai ba. Na taɓa kai 'yan aji shida Daura su ga rijiyar Kusugu, wani yaro ya leƙa ya ce, “Malam, dama ita ke nan?” Shi ma gani ya kori ji. Duk biyun sharaɗinsu ɗaya, ganau ne kai, da jikinka a wurin, kana iya waiwayawa ka dubi abin da ke bayanka. Wanda ke kallon waya ba ya iya waiwaye. Inda mai ɗaukar hoto ya nuna, nan ya tsaya. Muna yara ana kawo majigi fili da dare, a kafa farin ƙyalle, mai fassara na gefe yana faɗa mana abin da muke kallo. Ba wanda ya taɓa komawa gida ya ce ya ga Ingila.

Ɗalibin Jami'a:
Allah shi gafarta Malam, ina da ja. A Disambar 2020 da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kwana nawa muka yi kowa na faɗar nashi adadin? Wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba su kai ba. Ko da aka ce an sako su, mutane da yawa ba su yarda ba sai da aka nuno su a talabijin sun iso Katsina, sama da ɗari uku, ƙafa ba takalmi, wasu lulluɓe da bargo. Mahaifiyata a nan ta fashe da kuka, alhali tun daren jiya ta ji labarin a rediyo ba ta yi ba. In wannan ba gani ya kori ji ba ne, to mi za a kira shi?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, ban ce hoto ba ya taɓa zuciya ba. Shi ya sa ma nake tsoronshi. Bidiyon da aka kai ma Baban Ɗan Ƙofar Soro, da mahaifiyarka aka nuna ma, da ta yi kukan nan dai.

Ɗalibin Jami'a:
To ai murya ma ana ƙarya da ita Malam. Ba a kan rediyo aka saukar da gaskiya ba.

Malamar Hausa:
Ku bar ni in shiga, don ina ganin an raina kunne tun farkon zancen. Bahaushen da ya ce gani ya kori ji, shi ne dai ya ce kunne ya girmi kaka. Ido iyakarshi inda ka tsaya da zamanin da kake ciki. Abin da ya faru kafin a haife ka, da abin da ke faruwa bayan teku, duk ta kunne suke shigowa. Kuma mu a ƙasar nan, sanin duniya da talaka ya yi, kusan duk ta kunne ya yi shi.

Ku duba lissafi. Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti goma sha biyar, kuma muryar da aka fara ji ta ɗan ƙasar Katsina ce, Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna ya zo a 1962, Jamus ta buɗe nata sashen a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa sai 2007. Wannan ne ya sa za ka tarar da dattijon da bai taɓa zama a aji ba, bai wuce Funtuwa ba a rayuwarshi, amma yana ware maka rikicin Falasɗinu da na Kashmir, ya san ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu. Na sha jin baƙi na mamakin wannan.

Abin da ya fi jan hankalina ni, a matsayina na mai koyar da harshe, shi ne yadda masu labarai suka ɗauki tsofaffin kalmominmu suka ɗora ma sabbin abubuwa. Takunkumi abin ɗaure bakin dabba ne, aka mai da shi abin da ake ƙaƙaba ma ƙasa, korona ta zo aka mai da shi abin rufe hanci. Ƙunar baƙin wake tsohuwar magana ce, yau yaro in ya ji ta bam kawai ke zo mashi a rai. Tsagaita wuta, zaɓen raba gardama, Majalisar Ɗinkin Duniya, duk Bahaushen Maraɗi da na Kumasi da na Sudan sun san su iri ɗaya, don akwati ɗaya suke saurare. Sai dai abin ya zo da asara. Ɗalibaina na jin kunyar rubuta “mi” da “tahi” da “wanga”, wai ba Hausar rediyo ba ce. Wata ta taɓa gyara ma kakarta magana a gabana, sai da na tsawata mata.

Mai Shayin Bakin Tasha:
Malama kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Na gaji teburin nan daga babana, kuma tun ina wanke kofuna rediyo ke rataye a jikin ƙusa ɗaya. Lokacin yaƙin Iraƙi na 1991 benci biyu ake yi, kowa ya kasa kunne, mai tsoma burodi ya manta da shi har ya narke a kofi. A shekarar nan yara nawa aka raɗa ma Saddam? Ni kaina na san biyu a unguwarmu, yanzu duk magidanta ne. Ba wanda ya taɓa ganin Bagadaza a cikinmu, amma ji muke kamar gidan maƙwabci ake jefa ma wuta.

Yanzu benci na nan cike amma shiru, kowa ya duƙa a kan wayarshi. Da, labari ɗaya muke ji mu yi gardama a kan fassararshi. Yanzu mutum biyu na zaune kafaɗa da kafaɗa, wannan abin da ya gani daban, wancan daban, kowa na rantsuwa da idonshi ya gani. Gardamar ma ba ta daɗi.

Ɗalibin Jami'a:
Kawu, ranar da Madrid ke wasa da Barcelona ma shiru ake yi?

Mai Shayin Bakin Tasha:
Kai dai bari. Ranar sai na ɓoye kofunan gilashi. Yaro bai san hanyar filin wasa na Muhammadu Dikko ba, bai san wa ke tsaron gida a Katsina United ba, amma ya ce maka “mu” muka ci kofi, “mu” muka sayi ɗan wasa. Kuma ba wasa ba ne, na ga 'yan Arsenal na unguwarmu sun yi karo-karo sun kai gudummawa bikin ɗayansu, har da anko. Gidan kallo ya ƙulla zumuncin da wani ɗan'uwan na jini bai yi.

Direban Hanyar Jibiya:
Ni ban yi boko mai nisa ba, amma akwai wadda kuka manta: jiki ya fi kunne ji. A Satumbar 2021 da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku saboda 'yan bindiga, har da Jibiya da Batsari da Safana, sai da aka kai Disamba kafin a maido. Wata ukun nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Fasinja zai shigo mota ba abin da zai kai shi Katsina sai ya buga waya ya ce ma ɗanshi da ke Legas yana nan da rai. In mun kusa gari, da sabis ya shigo, sai ka ji mota ta ɗauki ƙara gaba ɗaya, saƙonnin sati biyu na faɗowa. Tsofaffin rediyoyi duk aka kakkaɓe su, mai sai da batir ya yi ciniki. Ni kuma na koma kamar sankira, duk inda na tsaya sai an kewaye ni, “Direba mi ake ciki a birni?”

Haka da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka. A waya ka ga ana zage-zage, wai 'yan Najeriya wai 'yan Nijar, kowa da tutarshi a jikin hoto. Mu kuwa da ke da ƙanne da surukai a Maraɗi, abin da muka sani shi ne motoci sun yi layi kaya na ruɓewa, kuma an yi rasuwa wasu ba su samu zuwa gaisuwa ba. Mai kallo a waya ya gani, mai rediyo ya ji, mu a jikinmu abin ya sauka.

Hajiya 'Yar Daura:
Sannunku da hira. Ni tawa ba ta gani ba ce ba ta rediyo ba ce. Kun tuna daren gishiri a 2014, lokacin Ebola? Wajen ƙarfe uku na dare yayata ta kira ni, “Tashi ki tashi yara, a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, a sha kaɗan.” Ban tambaye ta wa ya ce ba. Yaya ce. Na dafa ruwa na jera yara a tsakar gida suna kuka suna rawar ɗari. Da gari ya waye rediyo ke ta roƙon mutane su daina, har aka ce wasu sun rasa rayukansu a kan shan gishirin. Abin da ya sa na yarda, muryar da na sani ce ta faɗa mani. Yanzu ma bidiyon da ke yawo, ai ba baƙo ke turo maka shi ba, ƙaninka ne ko abokiyar zamanka a Islamiyya. Ina ganin Baban nan ba ido ya ƙi ba, ya dai fi sanin mai karanta labarun yamma a kan wanda ya ɗauki bidiyon, don shekara da shekaru yana gwada maganarshi.

Malamar Hausa:
Hajiya kin faɗi abin da nake lalube. Ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi ma edita, mutane da yawa ba karanta ta suka yi ba, karanta masu ake yi. Mai ilimi ɗaya ya zauna a dandali, goma na saurare. Amanar mai karantawa ita ke ɗauke da labarin.

Ɗalibin Jami'a:
Na ji duka, amma ban sauka ba. Karin magana ba dutse ba ce. In dai takunkumi ya iya tashi daga bakin dabba ya koma kan ƙasa, mi zai hana “gani” ya haɗa da na waya? Mu haka muke amfani da ita, kuma muna fahimtar juna.

Tsohon Hedimasta:
Ku yi amfani da ita, ba wanda ya riƙe maku baki. Amma tunda yanzu har ana haɗa bidiyon mutum yana faɗar abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarshi da motsin leɓenshi, ina jiran in ji da wace kalma za ku kira ganin da mutum ya yi da ƙafarshi.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na karanta ma Baba duk abin da kuka rubuta, ya saurara har ƙarshe. Ya ce a gaida Hedimasta da Hajiya, ya ce direba ya fi kowa gaskiya. Sai ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Wai shekaru yana kallon Ka'aba a talabijin duk azumi, har yana ganin ya san ko'ina a Harami. Ran da Allah ya kai shi, ya shiga ya ɗaga kai, gwiwoyinshi suka ƙi ɗaukarshi, abin da ya fito bakinshi bayan kabbara shi ne gani ya kori ji. Ƙanena ya ce, “To Baba ai da ma ka gani a talabijin.” Baba ya ce mashi ya tashi ya sayo batir, labarun yamma sun kusa.

Mai Shayin Bakin Tasha:
Ka ce ma yaron ya biyo ta wurina, ina da batir, kuma har yanzu ina bin shi kuɗin shayi biyu da ƙwai tun ranar da aka ci Barcelona.