Da gaske ne tafiya a hankali ke hana bakin CNC karyewa?

Kawu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Maganata ita ce, duk mai ƙaramin injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) a gida da bakin yankansa ke yawan karyewa, gaggawa ce ke cinsa. Ya rage gudun tafiyar inji, ya huta da sayen baki. Sannu ba ta hana zuwa.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Da haka ne da an huta. Wani abokina ya sa sabon bakin kabaid (wani abu mai tsananin tauri da ake yin bakin yanka da shi), ya rage tafiya iya ragewa saboda tsoro, ya tsaya yana kallon alminiyam. Can sai muka ji ƙas! Guntun bakin ya yi tsalle, inji kuwa ya ci gaba da zagaye a iska, yana bin layinsa tiryan-tiryan har ya gama aikin da bai yi ba. Dariya har da hawaye, shi ma mai bakin sai da ya dara.

Kawu: To ai bai rage sosai ba ke nan.

Injiniya: A'a Kawu, ragewar ce ta karya shi. A yi lissafi. Baki mai haƙori 2 yana juyawa sau 18,000 a minti, haƙoran suna sara sau 36,000 ke nan. In tafiyar milimita 300 ce a minti, kowane haƙori yana ɗaukar kusan milimita 0.008. Wannan ba yanka ba ne, goga ce. Zafin da ya kamata ya fita tare da ɓarɓashi sai ya zauna a jikin baki, alminiyam ya yi laushi ya manne a haƙora, hanyar fitar ɓarɓashi ta toshe. Inji bai san an toshe ba, turawa kawai yake yi. Kabaid kuwa yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake farat ɗaya. Shi ya sa masu irin injinmu suke son baki mai haƙori 1 a alminiyam: a juyi iri ɗaya da tafiyar milimita 1,000, haƙorin na ɗaukar kusan 0.056, ɓarɓashi mai kauri da ke tafiya da zafinsa.

Kawu: Injiniya, lissafinka daidai ne a takarda. Ƙananan injina irin samfurin da ake kira 3018 fa? Jikinsu ba ƙwari. Ka tura su da ƙarfi ka ji yadda suke kuka suna karkarwa, motar lantarkin da ke tura su ta tsallake taku, layi ya goce, baki ya faɗa inda ba a aike shi ba.

Injiniya: Nan kana da gaskiya, kuma ba na musu. Sai dai abin da za a rage shi ne zurfin yanka. A ɗauki kaɗan-kaɗan, a bar tafiyar yadda haƙori zai ciza.

Yaya Babba: Ku duka kuna magana kamar a cikin yanka baki ke mutuwa. Ni yawancin waɗanda na ga sun karye, ko taɓa aikin ba su yi ba. An canza baki an manta ba a sake saita sifirin Z ba, wato inda inji ke fara auna hawa da saukar baki, sai inji ya nutsa shi cikin tebur. An ba da G0, umarnin tafiya da sauri ba yanka, ya ruga a guje ya yi karo da maɗaurin katako. An manta da M3, umarnin kunna juyin baki, baki bai juya ba aka tura shi cikin itace. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na farantin awo, wanda baki ke sauka ya taɓa don a saita sifirin Z: a manta ba a maƙala wayar a jikin baki ba, inji yana sauka yana jiran ya ji taɓi, mutum na tsaye yana kallo da murmushi, har sai an ji ƙarar. Wane rage gudu ne zai hana wannan?

Auta: Yaya ka manta da G20 da G21, umarnin awo da inci da na awo da milimita. Mutum yana nufin milimita 5, inji ya ɗauka inci 5, ya nufi milimita 127 da zuciya ɗaya!

Kawu: Wannan ai shi ne gaggawar da nake faɗa. Ta hannu ce, ba ta inji ba.

Yaya Babba: Kawu ka canza magana. Da farko gudun tafiya ka ce a rage.

Injiniya: Ga wani abin da ba a ambata ba: tsawon da baki ya leƙo daga mariƙinsa. In ka ninka shi biyu, lanƙwasawarsa ta ninka 8. In kaurinsa ya ragu da rabi, ƙarfinsa na jure lanƙwasa ya ragu sau 16. Don haka bakin milimita 1 ko faɗuwa ya yi daga tebur zai iya karyewa. A cusa baki ciki iya yadda aikin ya bari, a goge mariƙin, a ɗaure shi da kyau.

Kawu: Na karɓi batun zurfi da na tsawo. Amma mai koyo da bai iya lissafin nan ba, har yanzu na fi so ya fara da ƙasa ya riƙa ƙarawa yana sauraron inji, hannunsa kusa da maɓallin tsayarwa.

Injiniya: In zai ƙara ɗin, mun daidaita. Ya duba abin da ke fita: in gari ne, ya ƙara tafiya.

Auta: Kawu, kai da ba ka gaggawa, ina ka samo guntayen da ke cikin gwangwanin nan na kan teburinka?

Kawu: Na yaran da nake koya wa ne, Auta. Ina wasa su, suna zama abin zana layi a ƙarfe.